Yadda Ake Ajiye Motar Haibirid Idan Za a Yi Doguwar Tafiya

Mai Prius ko Camry Hybrid ko Lexus RX 450h da zai tafi aikin Hajji, ko karatu a waje, kada ya ɗauka ajiyar motarsa irin ta sauran motoci ce, a lulluɓa tamfol a kama hanya. Batir biyu gare ta. Akwai ƙarami mai volt 12, akwai babba a wajen kujerar baya, wanda a yawancin Prius ɗin da ke hannun mutane ya ɗan haura volt 200. Ba ta da sitata irin wadda aka sani. Babban batir ne ke murza injin, ƙaramin kuma shi ke kunna kwamfutar da ke buɗe wa babban hanya. Idan ƙaramin ya mutu, motar ba za ta ce uffan ba ko da babban cike yake. Idan babban ne ya zube, jona waya da motar maƙwabci ba ta tashe shi, sai an nemo masu na'urar cajinsa, kuma a nan ake kashe kuɗi.

Ana gobe tafiya, ka fita da ita ka yi tuƙi na kamar minti 30, ka ajiye ta alamar cajin babban batir ta haura rabi. Ka cika tanki, don tankin da ba komai a ciki ya fi tara laima. Idan lokacin juyen baƙin mai ya yi, a juye. Ka biya wajen mai faci ya ɗan ƙara wa tayoyi iska fiye da yadda aka saba, saboda tayar da ta daɗe a tsaye tana sacewa ta kwanta ta gefe guda.

Sai shara. Ɓawon gyaɗa, ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, ledar biskit ɗin yara, duk a kwashe. Ɓera idan ya samu masauki a mota wayoyi yake ci, wayar haibirid kuwa ba kowane mai gyaran waya ke iya bin ta ba. A toshe bakin salansa da soson ƙarfe, amma ka rubuta a takarda ka ɗora a kan sitiyari don kada a tayar da ita a toshe.

Wurin ajiya ya zama inuwa. A Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara kan wuce digiri 40, cikin motar da ke rana kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi na cikin abubuwan da suka fi saurin tsufar da babban batir. Idan damina za ta riske ta, a guji kwari inda ruwa ke kwanciya. A bar giya a P, a saki birkin ajiya a sa waigi a tayoyi, domin birkin da ya yi watanni a ɗaure yakan manne. Makulli kuma a kai shi can cikin gida, nesa da motar. Idan yana kusa, shi da ita ba sa daina neman juna, cajin ƙaramin batir na tafiya a banza.

Babban aikin shi ne samun amintacce, ƙane ko ɗa mai hankali, da zai riƙa tayar da ita. A ganina wannan ya fi duk wata dabara. Amma ka zaunar da shi ka nuna masa, don da yawa suna danna maɓalli, fitilu su kama, su ɗauka mota ta tashi. Sai ya taka birki ya danna, har kalmar READY ta fito a gabansa. In ba ta fito ba, cinye ƙaramin batir kawai yake yi. Ya bar ta a P, ban da N, domin a N babban batir ba ya ɗaukar caji. Ya kashe rediyo da na'urar sanyi, ya bar ta kamar awa guda a mako. Injin zai riƙa tashi yana mutuwa da kansa, haka take, ba lalacewa ba ce. Saboda wannan ne ba a yin sa a rufaffen gareji, hayaƙin na kisa. Idan yana da lasisi, ya ɗan zaga da ita unguwa, birki da tayoyi su motsa. Littafin Prius da kansa ya ce a tuƙa ta aƙalla minti 30 ko kilomita 16 duk bayan 'yan watanni.

Wanda bai da mai duba masa, ya cire wayar ƙaramin batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Sai dai a lura, a Prius na 2004 zuwa 2015 batirin a but yake, ƙofar but ɗin kuma da lantarki take buɗewa. Idan ka rufe ta bayan cire waya, sai ka bi ta kujerar baya da rarrafe. Kuma cire wayar bai hana babban batir raguwa a hankali, don haka ajiyar da za ta wuce wata uku tana bukatar mutum ko ta halin ƙaƙa. Wayoyi masu launin lemo kada hannu ya kai gare su, wutarsu na iya kashe mutum.

Ran da ka dawo, kar ka yi gaggawa. Buɗe bonet ka duba kashin ɓera da wayar da aka gaigaya, cire abin da ka toshe salansa da shi, mayar da wayar batir. Ka goge ƙurar hunturu daga ramin iskar da ke gefen kujerar baya, ta nan babban batir ke shan iska. Ka bar ta a READY na ɗan lokaci, ka gwada birki a hankali kafin ka hau titi, ka daidaita iskar taya. Idan jar alamar gargaɗi ta fito ta ƙi ɓacewa, kashe ta ka kira bakaniken da ya san haibirid ya zo da na'urar bincike, kada ka matsa mata.