Yadda Ake Ceto Jirgi Idan Fiffike Ya Saki Iska

Duk yaron da ya tashi a Kusfa ya saba da ƙugin ƙananan jiragen da ke shawagi a samaniyar Zariya. Na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. In Allah Ya kai ka can, darasin da zai fi kaɗa maka hantar ciki shi ne wanda matuƙa ke kira sitol.

Ba mutuwar inji ba ce. Fiffike na ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. In ka ɗaga hancin jirgi har kusurwar da fiffiken ke tarbar iska ta haura kimanin digiri 15, sai iskar ta tarwatse, jirgi ya fara nutsewa ko da inji na ruri.

Da farko, kai da malaminka ku yi sama sosai, yadda za ku gama ku miƙe da sauran ƙafa 3,000 tsakaninku da ƙasa. Ba a yi a kan gari. Ɗaure bel, duba inji, ka kewaya ka tabbata ba wani jirgi ƙarƙashinka. Ranar da hazon hunturu ya rufe inda sama ta haɗu da ƙasa, a haƙura.

Sai ka rage totur, kana jan sandar tuƙi a hankali don riƙe tsayinka. Nan ake karatun, ka saurara da jikinka duka. Ƙarar iska za ta lafa, sanda ta yi laushi a hannu kamar ba ta jin magana, ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka, jirgi ya soma makyarkyata, sannan hanci ya faɗi.

Tura sanda gaba. Zuciyarka za ta ce ka ja, tunda ƙasa kake gani, amma ja shi ne cutar, turawa ce maganin. Ba turin ƙarfi ba, gwargwadon da ƙararrawa za ta yi shiru. Ka bi da totur har ƙarshe, kana taka feda don kada hanci ya karkace.

In fiffike ɗaya ya faɗi, kada ka yi saurin ɗago shi da karkata sanda, don hakan na iya jefa jirgin cikin hajijiya, kai a ƙasa. Bari iska ta dawo kan fiffike tukuna, sannan ka daidaita. Da gudu ya samu, ɗago hanci sannu. Mai gaggawa yakan sake faɗawa sitol na biyu.

Kada ka raina darasin don jirgin ƙarami ne. Ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447 daga Birazil zuwa Faransa ya faɗa Tekun Atalantika da mutum 228, injinansa lafiya lau, matuƙin na ta jan sanda baya.

Kuma ba sai gudu ya yi ƙasa sosai ake shiga sitol ba: a kwana mai digiri 60, gudun da fiffike ke sakin iska yakan ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa kwanar ƙarshe kafin sauka ta fi haɗari, ga ƙasa kusa.

Ɗalibi, ka roƙi malaminka ku yi ta maimaitawa har hannunka ya riƙa turawa kafin tsoro ya zo. Allah Ya sauke ka lafiya.