Alƙaliyar da aka ce ta tashi daga kan kujera: darasi daga rayuwar Constance Baker Motley

A semistar da ta wuce malaminmu na GNS ya ba mu aiki, kowa ya nemo alƙali ɗaya ya yi bayanin rayuwarsa a gaban aji. Ni gaskiya don maki kawai na shiga binciken. Amma matar da na ci karo da ita ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in kawo muku labarinta a nan.

Kafin nan, bari mu fahimci kujerar da ta zauna a kai. A Amurka kotunan tarayya hawa uku ne. A ƙasa akwai kotun gunduma, inda ake fara sauraron ƙara, a kira shaidu, a duba hujjoji. Sai kotun ɗaukaka ƙara, sannan Kotun Ƙoli. Kotun gundumar ta yi kama da Babbar Kotun Tarayya a wajenmu. Shugaban ƙasa ne ke zaɓen alƙalinta, Majalisar Dattawa ta amince, kuma da zarar ya hau ba shi da wa'adi, sai dai ya ajiye da kansa ko majalisa ta tsige shi. An yi haka ne don kada ya ji tsoron kowa in zai yanke hukunci.

An haifi Constance a 1921 a garin New Haven, ita ce ta tara cikin 'ya'ya 12. Iyayenta baƙi ne daga tsibirin Nevis, mahaifinta kuku ne a Jami'ar Yale. Ta gama sakandare, kuɗin ci gaba babu, kun dai san yadda abin yake. Wata rana a wani taron unguwa aka tambayi dalilin da ya sa baƙaƙen fata ba sa zuwa cibiyar da aka gina musu. Ta miƙe ta ce ai ba a ba su bakin magana a tafiyar da wurin ba, to ta yaya za su ɗauke shi nasu? Attajirin da ya ba da kuɗin ginin, Clarence Blakeslee, yana zaune yana ji. Maimakon ya fusata, sai ya ɗauki nauyin karatunta. Ta yi digiri a Jami'ar New York a 1943, ta gama karatun lauya a Columbia a 1946.

Ta yi kusan shekara 20 tana aiki da lauyoyin ƙungiyar NAACP, waɗanda Thurgood Marshall ya jagoranta, kuma yawancin shari'unta na ɗalibai ne irinmu. Ita ce lauyar James Meredith, wanda Jami'ar Mississippi ta hana gurbi saboda launin fatarsa, har ya shiga a 1962 bayan tarzomar da ta ci rayuka 2. A 1963 hukumar ilimi ta Birmingham ta kori yara fiye da 1,000 don sun fita zanga-zanga, ita ta samo umarnin kotu aka mayar da su aji. Sau 10 ta tsaya a gaban Kotun Ƙoli, ta yi nasara sau 9.

A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya zaɓe ta alƙaliyar kotun gundumar kudancin New York. Sanata James Eastland na Mississippi ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, amma daga ƙarshe aka tabbatar da ita, ta zama baƙar mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya a ƙasar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a 1975. Wata lauya ta kai ƙarar wani babban kamfanin lauyoyi, Sullivan & Cromwell, cewa yana nuna wa mata bambanci wajen ɗaukar aiki. Sai lauyoyin kamfanin suka nemi Motley ta janye daga shari'ar, wai tunda ita mace ce, baƙa, kuma ta taɓa yaƙi da wariya, ba za ta yi adalci ba. Ta ƙi. Hujjarta ita ce, in dai jinsi ko launi ko aikin da mutum ya yi a baya ya isa a cire shi, to babu alƙalin da zai saura a kotun, don kowannensu lauya ne, kuma ko namiji ne ko mace. Ku lura da kyau: masu ƙorafin ba su taɓa tunanin cewa namiji ma yana iya karkata ba. Doka ta yarda alƙali ya janye in yana da hannun jari a kamfanin, ko dangantaka da ɗaya daga masu shari'ar, amma asalinsa kaɗai ba dalili ba ne.

Ta zama shugabar alƙalan kotun a 1982, ta ci gaba da zaman shari'a har zuwa rasuwarta a 2005.

To mu ina ruwanmu? Zaɓen ƙungiyar ɗalibai na tafe, za a kafa kwamitin zaɓe da na ladabtarwa. Duk shekara sai ka ji ana cewa kada a sa wance don mace ce, kada a sa wane don ɗan jiha kaza ne. Ni ma na taɓa faɗin irin wannan a taron sashenmu, kuma yanzu ina jin kunyarta. In za mu cire mutum, mu kawo abin da ya aikata ko wata alaƙa da ke tsakaninsa da ɗan takara. In babu, a bar shi ya yi aikinsa, mu kuma mu zuba ido mu ga hukuncin da zai yanke.

'Yan uwa mata da ke yin shiru a taron kwangires, ku tuna maganar mintuna kaɗan ce ta buɗe wa Constance hanyar jami'a. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.