Nafkin Wanki ko Famfas? Darasi a kan Lissafin Renon Jariri a Birtaniya

Duk gidan da aka yi haihuwa a wannan ƙasa ya san cewa bayan kuɗin haya da na wuta, akwai wani kashe kuɗi da ba ya jin roƙo, wato na ƙunzugun jariri. Da yawa daga cikinmu muna zaune ne da bizar karatu ko ta aiki, wadda aka buga mata sharaɗin cewa ba mu da haƙƙi a tallafin gwamnati, saboda haka fam 500 ɗin nan na Sure Start da ake bai wa wasu iyaye a haihuwar fari ba ya zuwa hannunmu. Waɗanda ma suke da katin Healthy Start, madara da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa yake saya, ba ya sayen famfas. Wannan ya sa ake yawan jin shawarar a koma wa nafkin da iyayenmu suka rene mu da shi, wai ya fi araha. Darasinmu na yau shi ne mu auna wannan magana da alƙalami, mu ga wa take yi wa daidai, wa kuma za ta jefa cikin asara.

Kafin mu fara, ga ƙa'ida. Fam ɗaya kashi 100 ne, kuma kowane kashi zan kira shi kwabo. Farashin da zan kawo na misali ne, kusa da abin da ake gani a kantuna. Kowa ya ɗauko rasidinsa da takardar kuɗin wutarsa ya musanya da nasa alƙaluman, hanyar lissafin dai ɗaya ce.

Guda nawa yaro ke buƙata?

Hukumar lafiya ta NHS ta bayyana cewa sabon jariri kan buƙaci a canza masa har sau 10 zuwa 12 a rana, wanda ya ɗan tasa kuma sau 6 zuwa 8. Mu ɗauki sau 6 kawai, domin kada a ce mun zuzuta. Idan yaro ya bar ƙunzugu yana ɗan shekara biyu da rabi, kwana 913 ke nan, jimillar abin da zai ɓata ya kai kimanin guda 5,500.

Famfas hawa-hawa ne. Wanda manyan kantuna masu rangwame irin su Aldi da Lidl ke sayarwa da sunansu, mu sa shi kwabo 7 kowane guda, kuɗinsa ya kama fam 385. Mai babban suna irin Pampers, mu sa shi kwabo 20, ya kama fam 1,100. Tun a nan mai karatu zai lura cewa tambayar "wanne ya fi araha?" ba ta cika ba sai an faɗi famfas ɗin da ake gwadawa da shi.

Kuɗin shiga harkar nafkin

Nafkin wanki iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne wanda muka sani a gida: farin tawul na auduga mai kusurwa huɗu, a ninke shi, a maƙale, a ɗora wandon roba. Guda 24 da wandunan roba 6 da maƙalai da bokiti mai murfi za su ci kimanin fam 150. Na biyu shi ne na zamani, wanda aka ɗinka da siffar famfas, yana da maɓallai da ake sassautawa yayin da yaro ke girma. Ya fi sauƙin sakawa, amma cikakken saiti yakan kai fam 300, kuma wasu nau'o'insa sun fi jinkirin bushewa.

Matsala ta farko a nan take. Mai sayen famfas yana biyan fam 3 ko 4 a mako, mai nafkin kuwa sai ya ajiye fam 150 a dunƙule, a daidai watan da ake neman gadon jariri da kujerar mota da ragon suna. Mai ƙaramin ƙarfi yakan san abin da zai fi masa sauƙi nan gaba, rashin kuɗin farko ne ke hana shi kai hannu.

Kuɗin wanki

Masu tallar nafkin sukan yi saurin wuce wannan babi, alhali shi ne ke yanke hukunci. Mafi yawan wutar da injin wanki ke sha tana tafiya ne wajen ɗumama ruwa. Kowace lita guda tana buƙatar kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan injin ya ɗaga lita 15 daga digiri 15 zuwa 60, ya sha kilojul 2,835, wato kusan kashi 8 cikin 10 na yunit guda na wuta. A haɗa da juyawar injin, a ce yunit ɗaya. A shekarar 2025, farashin yunit ƙarƙashin iyakar da hukumar Ofgem ke sawa ya yi ta kai-komo tsakanin kwabo 25 da 27. Mu sa wuta kwabo 25, ruwa kwabo 20, garin sabulu kwabo 15: wanki ɗaya kwabo 60.

Idan ana wanki kowane kwana biyu, a shekara biyu da rabi za a yi sau 456, kuɗinsa kimanin fam 275. A haɗa da fam 150 na sayen kaya, nafkin tawul ya tashi a fam 425, na zamani kuma fam 575.

Sakamakon a fili yake. A kan ɗa na fari, wanda ya bar famfas mai tsada ya koma nafkin tawul ya tsira da fam 675. Wanda kuwa da ma famfas mai araha yake saya, bai rage komai ba, sai ma ƙarin fam 40 da wahalar wanki.

Shanya

A Kano ko Damagaram rana ce ke busar da nafkin kyauta, ta kuma cire masa tabo. A Manchester cikin watan Janairu sai a wuni ba a ga rana ba. Injin busarwa na gama-gari yakan sha wajen yunit 3 a zuwa ɗaya, kwabo 75 ke nan, kuma sau 456 ya haura fam 340. Da wannan kaɗai nafkin tawul ya koma fam 765, kusan ninki biyu na famfas mai araha. Wanda ba shi da injin wanki a gida, sai ya kai shagon wanki na kuɗi, ko da fam 5 ake karɓa a zuwa ɗaya, zai kashe fam 2,280. A wannan hali nafkin asara ce tsagwaronta.

Shanya a cikin ɗaki kuma tana da nata haɗarin. Ruwan da ya bar tufa iska yake shiga, daga nan ya sauka a bango mai sanyi ya haifar da danshi da baƙin fumfuna, wanda ke cutar da huhun yara. Ba mu manta da Awaab Ishak ba, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu iyaye 'yan Sudan mazauna Rochdale, wanda ya rasu a watan Disamba na 2020. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar gidan da suke haya ce sanadi, kuma masu gidan ba su gyara ba duk da koke-koken iyayen. Saboda haka duk wanda gidansa ke da danshi, ya kai ƙara ga mai gida a rubuce, kuma kada ya ƙara wa ɗakin jiƙaƙƙen nafkin. Wanda gidansa lafiya lau yake, ya yi shanya a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe, nesa da inda jariri ke kwana.

Binciken gwamnati a kan muhalli ma a nan ya tsaya. Rahoton Hukumar Muhalli na 2008 ya nuna cewa amfanin nafkin ya rataya ne a kan yadda ake wanke shi da busar da shi, da kuma ko ɗa na biyu ya gaje shi. Rahoton ma'aikatar Defra na 2023 ya samu cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100 ga mai nafkin, amma ya fi mai famfas shan ruwa da wuta.

Inda ribar take

Nafkin tawul yakan yi wa yara biyu ko uku aiki. Ɗa na biyu ba zai ci komai ba sai fam 275 na wanki da wajen fam 40 na sabunta wandunan roba, fam 315 ke nan. Yara uku a nafkin sun tashi a fam 1,055, a famfas mai araha fam 1,155, a mai tsada fam 3,300. Arahar nafkin tana fitowa ne idan ya zaga hannuwa, kuma ba dole ba ne hannuwan su zama na gida ɗaya.

Akwai hanyoyi uku na rage kuɗin farko. Wasu ƙananan hukumomi suna ba da takardar rangwame domin sayen nafkin, kamar shirin Real Nappies for London da wasu unguwannin Landan ke ciki, don haka kowa ya leƙa shafin hukumar unguwarsa ya karanta sharuɗɗanta. Akwai kuma wuraren aron nafkin da 'yan sa-kai ke gudanarwa a garuruwa da dama, inda ake karɓar saiti a gwada na 'yan makonni kafin a saya. Ta uku tana hannunmu. Mata goma da suka saba kai kayan barka, in kowacce ta sa fam 15, sun saya wa mai jego cikakken saiti. Ƙungiya irin tamu, da fam 750 za ta mallaki saiti biyar, ta riƙa bayarwa aro, gida ya gama ya wanke ya miƙa wa na gaba. Mai aro ba ya biyan komai sai fam 275 na wanki, ya rage fam 110 ko da a kan famfas mafi araha.

Wata dabarar iyayenmu ita ce saba wa yaro da fo tun da wuri, cikin lallashi ba da tsawa ba. Yaron da ya bar ƙunzugu wata shida kafin lokacin da muka ƙiyasta ya rage wa iyayensa famfas kusan 1,100 ko wanki 90.

Batun tsarki

Tambayar da 'yan'uwa mata suka fi yi ita ce ko injin da ya wanke nafkin zai iya wanke kayan salla. A mazhabar Malikiyya fitsarin jariri najasa ne, namiji ko mace, kuma ana gusar da najasa da ruwa tsantsa har ainihinta ya tafi. Tsarin da ya dace da fiƙihu da kiwon lafiya duka shi ne a zubar da kashin a masai, a yi wa nafkin gajeriyar ɗauraya da ruwan sanyi, sannan cikakken wanki a digiri 60, a bar injin ya kammala ɗaurayarsa ta ƙarshe da ruwa mai tsabta. Wanda ya saura da shakka ya tuntuɓi malamin masallacinsa. A guji sinadarin tausasa tufa, domin yana rufe zaren auduga ya hana shi tsotse ruwa.

Kuɗin da ba a rubutawa

A gida, mai jego tana da uwa ko gwaggo ko ƙanwa da za ta kama mata wanki har a yi arba'in. A nan sau da yawa daga ita sai jaririn, wataƙila ga aiki ko karatu yana jiranta. Maigidan da ya ga ribar nafkin a takarda, ya sani cewa wanki 456 ne ya sa wa hannu, kuma adalci shi ne ya ɗauki rabonsa na loda inji da shanya da ninki. In ba zai iya ba, ya bar wa uwar ɗa zaɓi. Haka kuma babu laifi a haɗa biyun: nafkin a gida da rana, famfas da dare da lokacin tafiya ko gidan reno.

Tambayoyi huɗu kafin yanke shawara

Shin akwai injin wanki a cikin gidan? Akwai wurin shanya da ba zai jawo danshi ba? Kayan za su wuce ga wani yaron, ko kuwa aro aka samu? Akwai mai taya uwa aikin? Wanda ya amsa duka huɗun da e, nafkin zai rage masa kuɗi. Wanda ya rasa ta farko ko ta biyu, ya sayi famfas mai araha hankalinsa kwance, bai yi almubazzaranci ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa batun saitin aro a ajandar taro mai zuwa, iyayen da yaransu suka girma kuma su duba akwatunansu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke ciyarwa.