Farfaɗo da Tsohuwar Jitar Bes: Abin da Mai Koyo Zai Fara Dubawa

Jitar bes, watau jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ke riƙe da ƙasan kiɗa, ba ta daɗe a duniya ba in aka gwada ta da garaya ko gurmi. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irinta a birnin Siyatil cikin shekarun 1930, amma ba ta sami karɓuwa ba sai da Leo Fender ya fito da tasa, Precision Bass, a 1951. Galibin masu araha da ake samu a kasuwar gwanjo, ko a hannun makaɗin da ya gaji da tasa, kwaikwayon wannan ne ko na ƙanwarta Jazz Bass ta 1960, waɗanda aka ƙera a masana'antun Sin da Indunusiya da Koriya. Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda mai koyo, wanda aljihunsa bai kai ga sabuwa ba, zai farfaɗo da irin wannan jita da hannunsa. Gyaran yana da jeri, kuma ran jitar a wuyanta yake. Wanda ya fara da fenti ya bar wuya, kuɗinsa ya zubar.

Kafin a shiga aikin, sai an daidaita sunaye, domin masu sana'ar da kalmomin Turanci suke kiran sassan. Inda Hausa ke da kalma tun asali, ita aka ɗauka. Tsirkiya dai tsirkiya ce. Abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki an kira shi jaki, kamar yadda masu goge ke kiran nasu, ko da yake na bes ƙarfe ne, kuma kowace tsirkiya da nata ɗan sirdi. Siraran ƙarafan da aka gitta a kan wuya an kira su matakai, ana ƙirga su daga wajen kai. Sandan ƙarfen da ke ɓoye cikin wuya kuwa, ƙashin baya ya fi dacewa da shi, gama aikinsa ke nan.

Dalilin da ya sa wuya ya zama abin dubawa na farko shi ne nauyin da yake ɗauke da shi. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki inci 34 ne a yawancin jitocin bes, kuma in an ɗaure huɗun nan daidai muryarsu, jan da suke yi wa wuya yakan kai wajen kilo 80. Itace kaɗai ba zai jure wannan shekara da shekaru ba, sai ya lanƙwashe kamar baka. Ƙashin baya, wanda wani ma'aikacin kamfanin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1921, shi ke ja ta ɗaya ɓangaren don wuyan ya miƙe.

Saboda haka, tun kafin ciniki ya faɗa, mai saye zai ɗaga jitar ya sa ido daga kai ya hango tsawon wuyan, kamar yadda kafinta ke duba katako. In wuyan ya ɗan rusuna gaba, wannan ba kome ba ne, ana gyara shi. In kuwa ya murɗe, watau gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, to, a mayar wa mai ita kayansa ko da kyauta ya bayar. Sa'an nan a nemi izni a sa alanki a kan notin ƙashin baya a ɗan sassauta shi kaɗan. In ya motsa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ko kuma yana juyawa haka kawai ba ya kama kome, gyaran ya fi ƙarfin mai koyo, kuma sau da yawa ya fi kuɗin jitar. Tsatsa, da ƙura, da ƙujewar fenti, da ƙarar wuta, duk abubuwa ne da za su sa a yi ragi a ciniki, ba a fasa shi ba.

In an kawo ta gida, sai a kwance tsirkiyoyi a yi shara. Allon wuya in baƙin itace ne marar fenti, a goge shi da tsumma, a shafa masa ɗigon mai kaɗan, a share. Matakan da suka dushe ana goge su da lallausar sosar ƙarfe, amma sai an rufe maganaɗisun da ke ɗaukar sauti da salatif, in ba haka ba garin ƙarfen zai manne masa. Sha'anin wuta bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ƙarar da ake ji in an murɗa maɓallin murya, datti ne, ruwan fesawa na masu gyaran rediyo ke kore shi. Yankewar sauti kuwa galibi daga ramin da ake cusa waya take, ko notinsa ya saki ko dalma ta ɓalle. Akwai kuma wata siririyar waya da ke bi ta ƙarƙashin jaki. In ta tsinke, jitar takan yi ta gurnani ko da an dafa tsirkiya. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙa dalma ba, ya kai wa mai gyaran rediyo, aikin minti kaɗan ne.

Wasu makaɗa sukan dafa tsofaffin tsirkiyoyi a tafasasshen ruwa don su fitar da gumi da maiƙo, kuma lalle muryar takan ɗan washe, amma ba ta daɗewa. In da hali a sayi sababbi, domin duk awon da za a yi nan gaba ya dogara ne a kan tsirkiyar da za ta zauna a jiki.

Bayan an ɗaura su an daidaita muryoyinsu, E da A da D da G, sai a koma kan wuya. A danne tsirkiya mafi kauri a mataki na farko da kuma na ƙarshe, a duba ratar da ke tsakaninta da mataki na 8. Abin da ake nema shi ne kamar milimita 0.3, watau kaurin ɗan siririn kati. In ratar ta yi yawa, a matse notin ƙashin baya ta hannun dama; in babu rata sam, a sassauta. Nan ne mafi yawan masu koyo ke yin ɓarna, saboda gaggawa. Ba a wuce rubu'in juyi a lokaci guda, sa'an nan a sake daidaita murya, a bar itacen ya zauna, a sake awo. In noti ya cije, a tsaya, kada a gwada masa ƙarfi. Haka kuma alankin ya zama daidai ramin, gama na Amurka awon inci ne, na ƙasashen Asiya kuwa galibi awon milimita, kuma wanda ya yi kusa da daidai shi ke cinye bakin noti.

A ƙasar Hausa wannan awo ba sau ɗaya ake yinsa ba. Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin cewa fata takan saki da damina, ta ɗaure da rani. Itace ma haka yake shan danshi yana sakinsa. Jitar da aka ƙera ko aka ajiye a ƙasa mai danshi, in ta gamu da hunturun Kano ko na Damagaram, allon wuyanta yakan ƙanƙance har bakin matakai su fito suna yankar hannu. Ana rage su da ɗan ƙaramin magagari, a hankali, bayan an rufe itacen gefensu da salatif. Ratar da aka auna a watan Janairu kuwa, sai an sake duba ta a Agusta.

Sai wuya ya zauna ake taɓa jaki. Da farko tsayi: a ɗaga ko a sauke kowane sirdi har ratar da ke tsakanin tsirkiya da mataki na 17 ta zama kamar milimita 2.4 a wajen mai kauri, milimita 2 a wajen siririya. In tsirkiya tana zuza a kan matakai, a ɗan ƙara tsayi. Daga nan sai gaskiyar murya. Mataki na 12 shi ne rabin tsirkiya, don haka muryar da ke nan dole ta ninka ta tsirkiyar da ba a danne ba: E mai kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ta koma 82. Manhajar daidaita murya ta wayar hannu ta isa wannan awo. In muryar mataki na 12 ta haura, a ja sirdi baya don tsirkiya ta ƙara tsawo. In ta gaza, a turo shi gaba. Wanda ya yi wannan kafin ya gyara wuya zai sake shi daga farko, domin duk motsin da wuya ya yi sai ya canja tsayi, tsayi kuma ya canja murya.

Game da fenti, shawarar ita ce a bar shi yadda yake. Fentin jitocin nan masu araha roba ce mai kauri da tauri, kankare ta da samfefa kan ci kwanaki, abin da ke ƙarƙashi kuma sau da yawa guntayen katako ne da aka haɗa da gam. Kuɗin fentin ya fi amfani in an sayi jakar da za ta kare jitar daga ƙura da rana.