Yadda ake ɗaukar hoton curin taurari daga Tambuwal da Kebbe

Kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta, amma su taurari ne a warwatse. Akwai wani iri dabam, inda dubban ɗaruruwan tsofaffin taurari ke curewa wuri guda. Babbansu a rukunin taurarin da duniyarmu ke ciki shi ne Omega Centauri, mai taurari wajen miliyan 10, wanda haskensa kan yi tafiyar kusan shekara 17,000 kafin ya iso mana. Edmond Halley ya sa shi a lissafinsa a 1677, yana tsibirin Sant Helena. Mutumin Landan ba ya ganinsa sam, don ba ya fitowa a samansu. A Tambuwal da Kebbe kuwa, da ke wajen digiri 12 arewa da ikwaita, yakan ɗago digiri 30 ta kudu. Wannan gata ne, sai a ci moriyarsa.

Da farko, zaɓi dare. Hazon hunturu na dushe shi, gajimaren damina na rufe shi, saboda haka Afrilu da Mayu ne lokacinsa, musamman daren da ruwan farko ya kwantar da ƙura. Bi lissafin watan Musulunci: daga 25 ga wata zuwa 3 ga sabo, ba farin wata. A tsakiyar Afrilu yakan kai ƙololuwarsa wajen ɗaya saura na dare, a tsakiyar Mayu kuma sha ɗaya saura.

Na biyu, wuri. A halin tsaron da ake ciki, kada ka shiga daji. Saman soro ko fili a gefen kudu na gari ya isa, muddin fitilun sola da motocin hanyar Sakkwato zuwa Jega suna bayanka. Ka sanar da mai unguwa, ka tafi da aboki, ka sa takalmi rufaffe, bazara lokacin kunama ne. Ɗaure jar leda a bakin tocila, ka ba idonka minti ashirin ya saba da duhu.

Na uku, kaya. Kyamara mai gilashin jawo nesa na milimita 135 zuwa 200, da sanda mai ƙafa uku wadda ba ta rawa, da batir cike. Waya za ta nuna shi, amma ɗigon hayaƙi kawai za ka samu.

Na huɗu, nemo shi. Buɗe manhajar Stellarium ka gano tauraro Spica. Idan ya daidaita da kudu, miƙa hannu ka auno dunƙule uku da rabi ƙasa da shi. Za ka ga wani abu dishi-dishi mai faɗin cikakken wata. Shi ne.

Na biyar, saiti, kuma a nan aka fi faɗuwa. Kashe saitin da kyamara ke yi da kanta. Auna Spica, ka ƙara girmansa a allo, ka riƙa murza zoben gilashin a hankali har tauraron ya tsuke ya koma kan allura, sannan ka manne zoben da salatif. Buɗe gilashin zuwa f/4 ko fiye, ISO 1600 ko 3200, ka zaɓi RAW. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, don haka kowane hoto kada ya wuce sakan ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba taurarin su zama sanduna. Sa jinkirin sakan biyu don kada yatsanka ya girgiza kyamara.

Na shida, tara hotuna. Hoto ɗaya duhu ne da ɗige-ɗige. Ɗauki 200 ko 300, kana maido curin tsakiya duk bayan 'yan mintoci. Da ka gama, rufe gilashin da murfinsa ka ɗauki baƙaƙen hotuna talatin da saiti ɗaya, nan take, kafin kyamarar ta huce. Zafin bazara na haifar da ɗige-ɗigen ƙarya, waɗannan baƙaƙen ne ke nuna wa kwamfuta abin da za ta cire.

Na bakwai, haɗawa. Zuba su duka a Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Manhajar za ta jera taurarin kan juna ta haɗe su hoto guda. Hoto ɗari na rage ɗige-ɗigen ninki goma. Sai ka ɗaga haske kaɗan-kaɗan. Idan ka matsa, tsakiyar za ta ƙone ta zama fari fat. Ka tsaya daidai inda gefensa ya fara rarrabewa ƙwaya-ƙwaya, kamar gero a faifai.

Idan hannu ya faɗa, a daren da damina ta yi sarari sai ka gwada curin M4 da ke dab da jan tauraro Antares, ko M13 ta arewa. Sun fi ƙanƙanta, don haka ka ƙara yawan hotuna.