BASHI KAFIN GADO: BAYANI GA IYAYEN ƘASA DA MALAMANSU

Idan ɗan kasuwa ya rasu a gari irin Mandera, ya bar mata da 'ya'ya da masu binsa bashi, ƙofar uban ƙasa jama'a kan fara nufa. Saboda haka ya kamata uban ƙasa da malaminsa su san iyakar aikinsu cikin wannan al'amari. Rabon gado ba nasu ba ne. Tun 1968 aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e, aka rufe kotunan sarakuna. A shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta kafa Kotunan Shari'a, su ne ke rabo, ana ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon duba maganar gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Abin da ya rage ga uban ƙasa shi ne tsare dukiya da rubuta ta, kada kowa ya taɓa kafin alƙali ya zauna.

A mazhabar Malikiyya dukiyar mamaci hawa hawa ake fitar da ita. Da farko abin da ke jingine a hannun wani, sa'an nan likkafani da kuɗin binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya saura shi ne gado.

Ga misali. A ƙaddara wani falke ya bar dukiyar naira 3,000,000, da mata 2, da 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi rasuwa. An kashe 60,000 wajen binne shi, ana binsa 540,000, saura 2,400,000. Ya yi wasiyyar 1,000,000 ga makarantar allo, amma 800,000 kaɗai za a fitar, watau sulusi, sai fa in magada baligai sun yarda da ƙarin daga rabonsu. Cikin 1,600,000 da suka rage matan biyu su raba tumuni, 200,000. Kowane ɗa ya sami 400,000, kowace 'ya 200,000. Da an yi gaggawar rabo tun dukiya tana 3,000,000, da sai an bi magada gida gida ana karɓar abin da wataƙila an riga an ci. Daga nan yawancin gabar dangi kan taso.

Abu biyu ake yawan mantawa. Sadakin da miji bai cika ba bashi ne, matar za ta karɓe shi tare da sauran masu bin bashi, ban da tumuninta. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa ba sa cikin hawan nan ko ɗaya. Wanda ya ga dama ya yi daga aljihunsa, amma yanka sa daga dukiyar da marayu ke da rabo ciki ba daidai ba ne, komai girman mamacin.

To, in bashi ya fi dukiya yawa fa? Magada ba su da kome, ba a kuma tilasta musu biya daga nasu. Masu bin bashi su raba abin da ke akwai gwargwadon abin da kowa ke bi, har wanda lokacin biyansa bai yi ba, domin mutuwa takan kawo wa'adin kowane bashi. A nan akwai bambanci tsakanin wanda ya karye yana da rai da wanda ya mutu. Dillalin da ya ba da buhunan gero bashi, in ya tarar da su yadda suke a shagon wanda ya karye, yana da ikon ɗaukar abinsa. In mutumin ya mutu, sai ya shiga layi da sauran.

Sabon abin da ya shigo shi ne Dokar Kamfanoni wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga Agusta, 2020. Ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfani, alhali dā sai biyu. Kamfani kuwa a idon doka mutum ne dabam da mai shi. Motar kaya da ke da sunan kamfani ba ta shiga gado kai tsaye, hannun jarin mamaci ake gada, bashin kamfani kuma daga dukiyar kamfani ake biya. Dokar ta kuma buɗe hanyar ceto kamfanin da bashi ya danne, ko ta sulhu da masu binsa, ko ta naɗa mai riƙo, maimakon a rushe shi nan da nan. Wannan magana ta Babbar Kotun Tarayya ce. Amma wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, shi da shagonsa abu guda ne. Lalle malami ya nemi ganin takardar rajista da idonsa, kada ya dogara da rubutun da ke jikin allon shago.

Saura maganar gona. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Bayan haka aka yi dokar 1910, da ta Jihar Arewa ta 1962, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda ke aiki har yanzu. Bisa ga ita ƙasa amana ce a hannun Gwamna, abin da manomi ke da shi haƙƙin zama da amfani ne, shi ake gada. In za a sayar da gonar karkara don biyan bashi sai da yardar ƙaramar hukuma, in kuwa kotu ce ta ba da umurnin sayarwa, sai da ta Gwamna. Don haka a fara tabbatar da ko gonar a ƙasar Boɗinga take ko a ta Shagari.

Malamin uban ƙasa ya rubuta kowace gona da iyakokinta huɗu da sunayen maƙwabta, ya nuna wadda aka gada da wadda aka saya da ta aro da ta jingina. Ya ƙidaya dabbobi, har da waɗanda ke kiwo a hannun Fulani, da hatsin da ke rumbu. Kowane mai bin bashi a rubuta sunansa da shaidunsa, haka kuma waɗanda mamacin ke bi. A karanta takardar a gaban magada, mata ma su ji, sa'an nan a aika wa alƙali, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin gunduma.