Allurar da Ba Ta da Ruwa

Da zarar kaka ta yi, masu ciwon wuya da ƙugu daga Tudun Wada, Kiru da Bebeji kan cika mana ɗakin fisiyo. Makon jiya wani dattijo ya zo, ya yi kwanaki yana bugun shinkafa har wuyansa ya ƙi juyawa. Da na laluba tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa, sai na ji wani ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa. Ina dannawa ya zabura, ya ce ciwon ya harba masa har gefen kai.

Da na ɗauko allura ya gan ta, sai ya ce, "Likita, ina ruwan?" Na ce, "Baba, wannan ba ta da ruwa."

Busasshiyar allura ke nan: siririya ce, ba ta ɗauke da magani. Ana soka ta cikin ƙullin, tsokar ta yi fizga sau ɗaya ko biyu, sannan ta saki. Janet Travell, likitar Shugaba Kennedy na Amurka, ta yi fice wajen nazarin irin waɗannan ƙulle-ƙullen, kuma a 1979 wani likita, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar allurar kaɗai na rage ciwo.

Kada a ɗauke ta kamar ƙaho ko sakiya, domin ba a fitar da jini. Ba ta ɗora karaya, ba ta warkar da amosanin gaɓɓai. Wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, sauƙin kuma ba ya ɗorewa sai an haɗa da motsa jiki da gyara yadda ake ɗaga buhu.

Akwai haɗari. A saman kafaɗa da tsakanin haƙarƙari, huhu na kusa, kuma wanda bai ƙware ba zai iya huda shi. Don haka a nemi likitan fisiyo mai rajista da hukumar kula da masu aikin fisiyo (MRTB), wanda ya yi horo a kan wannan aiki, ya ɓare sabuwar allura a gabanka. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su faɗa tun kafin a fara.

Baba ya tafi yana iya waiwayawa. Na koya masa miƙe wuya iri uku, na kuma roƙe shi ya daina shan diclofenac kullum, saboda cikinsa da ƙodarsa.